Ƙarko da Ragowar Daraja: Nazarin Kasuwar A-kori-kura da Motocin Kwatano

Kafin mu shiga nazarin, ya kamata mu daidaita a kan kalmomin da za mu yi aiki da su. Da ƙarko muna nufin tsawon lokacin da mota za ta yi tana aiki ba tare da ta zaunar da mai ita a gareji ba. Ragowar daraja kuwa ita ce kuɗin da mota za ta jawo idan aka mayar da ita kasuwa bayan an more ta. A-kori-kura ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam kuma ita ce wadda aka hau a Turai ko Amurka kafin a kawo ta, wato abin da Yarbawa ke kira tokumbo. Sunan 'yar Kwatano ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, kuma bai bar bakin mutane ba ko da Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a Janairun 2017.

A fahimtarmu ƙarko iri biyu ne. Na farko shi ne ƙarkon ƙira, wanda mota ke fitowa da shi daga masana'anta. Misalinsa Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, gangar jikinta a ɗore kan ƙaƙƙarfan firam na ƙarfe, shi ya sa take jure lodi da gargada. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki na Libiya a Fada bisa a-kori-kurar Toyota, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Na biyu shi ne ƙarkon muhalli, wato samuwar kayan gyara da kanikawan da suka san cikin motar a inda take aiki. Hilux da ta lalace a ƙauye kan tashi cikin kwana ɗaya ko biyu, domin kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas ba su rasa kayanta.

Yawan ciniki da ƙarkon muhalli suna ciyar da juna ne. Bayan buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, samfurin 504 ya cika ma'aikatu da tashoshin mota, kowane yaron kanike da ita ya koyi riƙon sifana. Da motocin Japan suka mamaye hanya, masu kayan gyara suka bi su, darajar 504 ta ja baya. A Amurka kuwa, inda harajin kashi 25 cikin ɗari ke kan a-kori-kurar waje tun 1964, jerin F na Ford ne ke kan gaba shekara da shekaru. Amma a kawo irin wannan motar Katsina, sai ta wahalar da mai sayarwa, saboda shan mai da wuyar kaya.

Ragowar daraja tana da ɓangare biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗaya shi ne lafiyar motar kanta. Gogaggen dillali kan durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, yana neman tsatsar gishirin da ake barbaɗa wa titunan ƙasashen sanyi, ya ƙwanƙwasa jiki don jin inda aka cike lotsewa, ya dubi kalar hayaƙin salansa, bai kuma cika yarda da mitar tafiya ba, tunda ana iya mayar da ita baya. Ɗayan shi ne ƙarfin kuɗi. Tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a Yunin 2023, mutum kan sayar da motarsa fiye da yadda ya saye ta, ya ɗauka riba ya ci, alhali kuɗin ba za su maye masa irinta ba.

Abin da muka gano shi ne, ƙarkon ƙira na kamfani ne, amma farashin sake sayarwa ƙarkon muhalli yake bi. Saboda haka mai niyyar saye zai fi amfana idan ya fara biyawa ta garejin unguwarsu kafin ya je wurin dillali.