Feda mai kama takalmi: abin da mai keke ya kamata ya sani kafin ya saya

Feda mai kama takalmi, wadda ake kira « pédale automatique » da Faransanci, feda ce da ke riƙe ƙafar mai keke ta hanyar wani ɗan ƙarfe ko roba da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi na musamman. Idan aka taka sai ta kama, ba ta saki sai an murɗa dunduniya waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa ta a 1984, Bernard Hinault kuma ya ci tseren Tour de France na 1985 da ita. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya fito da samfurin SPD.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na ƴan tsere, kamar Look Keo da SPD-SL, noti uku ke riƙe shi, kuma ya fito waje daga tafin takalmi, shi ya sa tafiya da shi a ƙasa take da wuya. SPD kuwa noti biyu gare shi, ƙarfen yana lafewa cikin tafin takalmin, mutum na iya sauka ya yi tafiyarsa.

Amfaninta shi ne ƙafa ba ta zamewa a doguwar tafiya kan kwalta, kamar hanyar RN1 daga Konni zuwa Tsernawa, Malbaza da Galmi, ko hanyar Tawa da ta bi ta Badagishiri. Haɗarin yana wajen tsayawa. Wanda bai saba ba yakan faɗi gefe guda da kekensa kafin ya cire ƙafa. A hanyar da manyan motocin siminti da na albasa ke bi, ga kabu-kabu da amalanken jakuna, irin wannan faɗuwa tana iya cin rai. Rairayi da lakar damina kuma suna toshe makamar, ta ƙi kamawa ko ta ƙi saki.

Ga ɗalibi, ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke zirga-zirga cikin gari da silifa, yana tsayawa a kasuwa da masallaci, feda mai faɗi ta yau da kullum ta fi dacewa. Wanda ke haɗa zuwa aiki da motsa jiki zai iya neman mai fuska biyu, kamar Shimano PD-M324: gefe ɗaya na kama takalmi, ɗayan na kowane takalmi. Ga sabon shiga, ƙarfen SH56 ya fi SH51 sauƙin saki.

Kafin saye, a duba zaren fedar: yawancin kekuna 9/16 ne, wasu kuma 1/2. Fedar hagu zarenta a juye yake, mai gyaran keke zai ɗaura ta daidai. A lissafa kuɗin takalmin da na ƙarfen da ke cinyewa, domin ba kowane mai gyara ke ajiye su ba. A sassauta makamar tun farko, a koyi sawa da cirewa jingine da bango, sannan a fili marar motoci. A kan titi, a cire ƙafa ɗaya tun kafin a kai mahaɗar hanya ko shingen jami'an tsaro.