Dajin Falgore: Gandun da Aka Kafa Domin Ruwa

Mutumin Karaye ko Rogo da ke sha'awar tattaki a daji da kallon namun dawa, idan ba zai ƙetara Jihar Kano ba, dajin Falgore zai nufa, can kudu tsakanin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila (ba Falgoren ƙasar Rogo ba). Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a 1949 da sunan gandun dajin Kogin Kano. A 1969, zamanin Gwamna Audu Bako, aka mayar da shi gandun namun daji mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 920. Shekaru kaɗan bayan haka aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a kan wannan kogi da ya ratsa dajin. Duk wanda ya jera waɗannan shekarun zai gane manufar: tsare dajin tsare ruwa ne, yawon buɗe ido kuwa riba ce ta biyo baya.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, mutane sun yi yawa, gonaki sun yi kaɗan, makiyayi na neman burtali, to don me za a bar wa gwaggon biri da mugun dawa wannan ƙasa duka? Amsar tana hannun manomin rani na bakin madatsar Challawa a Karaye, wadda aka gama a 1992. Ya san abin da ke faruwa idan aka sare doka da maje da kirya a saman rafi: ruwan sama ya kwashe ƙasa, yashi ya cike dam, a tsakiyar rani injin ban-ruwa ya riƙa tsotsar laka. Shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura daga Tiga suke sha, Tiga kuma a inuwar Falgore take. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titin Kano zuwa Jos, kowanne bashi ne da manomi zai biya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro. Shekaru da dama dajin ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sai da sojoji suka shiga. Amma ɓarawo yana samun gindin zama ne a inda hukuma ta janye ƙafa. Yankari da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, tana da masu gadi da masauki, shi ya sa har yau ake zuwa can a ga giwaye.

A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ɗaga Falgore cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10. Takarda dai ba ta gadin daji. A ɗauki masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, a biya su a kan kari, a shata wa makiyaya burtali, sannan a gayyaci ɗaliban Karaye da Rogo su je su ga gada da idonsu.