Hujin Anini da Hujin Maƙeri

A Kanya Babba da garuruwan ƙasar Ɓaɓura, Kazaure, Roni da Gwiwa, tsofaffin adakoki ba sa rasa anini ko kwabo mai huji. Cinikin gyaɗa da biyan haraji ne suka shigo da su ƙauyuka bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, suka ture kuɗin wuri sannu a hankali. Yanzu da labari ya bazu cewa kwandala mai kuskure tana tsada, duk wanda ya tsinci mai tabo sai ya ɗauka ya yi gamo da katar. Yawanci ba haka ba ne.

Hujin tsakiya dai ba kuskure ba ne. Da shi aka buga anini da kwabo tun 1907, tare da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, don a riƙa zura su a igiya. Aninin farko na alminiyam ne, bai jure ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Idan aka ga irinsa ya ci ya yi fari, aikin gumi da ƙasa ne.

Hujin gefe kuwa na gida ne. Mata, musamman na Fulani, sun daɗe suna ado da sulalla, maƙeran fari suna huda su ko su liƙa musu kunne. Irin wannan huji yakan ratsa harafi, bakinsa ya tashi, wani lokaci ga sauran dalma a jiki. Na masana'anta sumul yake ko da ya karkace. Lallai abin adon nan ya cancanci a adana shi, don tarihin aure da kitso na wani gida yana jikinsa, amma ba kuskuren bugu ba ne.

Kuskuren gaske yana faruwa tun kuɗin bai bar injin ba: kwabon da ya fito babu huji sam, ko wanda hatimi ya sauka a kansa a karkace, gefe guda ya zauna fili babu rubutu. Mafi ban sha'awa shi ne haɗa hatimai biyu da ba na juna ba. Sarkin Ingila Edward na Takwas ya yi murabus a Disambar 1936. Kwabban Afirka ta Yamma na wannan shekara masu sunansa suna da yawa, ba abin mamaki ba ne. Amma akwai kwabon 1945 da ya fito da sunansa, shekara tara bayan saukarsa, domin an ɗauko tsohon hatimi a masana'antar Heaton ta Birmingham, mai alamar H. Haka aka maimaita a 1956 da sunan George na Shida, wanda ya rasu a 1952. Ƙusa da guduma ba za su iya ƙirƙiro wannan ba.

Shafewa ita ma tana da tsarinta: wuraren da suka fi tudu, irin su kambin sarauta, su ne ke fara lafewa, kuma fuska biyun tare suke tsufa. Jabu kuma, wanda ya yi yawa har aka fito da sule mai tsagi a gefe a 1938, akan gane shi da ƙananan ramuka na zubi da mataccen sauti idan aka buga shi a dutse.

Babbar asara a yau daga masu son gyara take fitowa. Ana dirje tsohon kwabo da toka da lemon tsami har ya yi ƙyalli, a nan kuma ƙaramin harafin H ko KN, wanda ke nuna inda aka buga shi, yake gogewa.