Ƙattan Littafin Anuhu Da Maginan Dalar Masar

'Yar uwa, kin san akwai tsohon littafin da ya ce ba ɗan Adam ne ya ƙirƙiro kwalli ba? Sunansa Littafin Anuhu. Yahudawa suka rubuta shi kashi-kashi, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Yawancin Yahudawa da Kiristoci ba su sa shi cikin littattafansu masu tsarki ba, Cocin Habasha ce ta adana shi cikakke da harshen Ge'ez. A 1773 wani Bature, James Bruce, ya kai kwafinsa Turai.

Littafin ya ce mala'iku 200 ne suka sauko Dutsen Harmon, suka auri mata, aka haifi ƙattai. Ɗayansu, Azazel, ya koyar da ƙera takobi, da sa kwalli da awarwaro.

To, daga 1968 sai Erich von Däniken da masu ra'ayinsa suka riƙa kafa hujja da irin waɗannan littattafai, wai baƙi ne daga wata duniyar suka zo cikin jirgi, har da hannunsu a ginin dalar Masar.

Ni kam ban yarda ba. Babbar dalar Giza ta girmi littafin da shekara fiye da 2,000. Kuma daga 1990 aka fara tono kaburburan maginanta a gefenta, ga wuraren gasa burodinsu, ga ƙasusuwansu da suka karye aka ɗora suka warke. Mutane ne irinmu, guminsu ne. Don Allah kar mu bari a ba baƙin da ba wanda ya gani ladan wahalarsu.