Hawan Dutsi a Hombori, Ƙasar Mali

Ina Hombori take?

Hombori gari ne na ƙasar Mali, bisa hanyar da ta haɗa Mopti da Gao. A nan dutsin da ya fi kowane tsawo a Mali yake. Sunansa Hombori Tondo, tsawonsa metir 1155 bisa teku. Da harshen Songai "tondo" dutsi ne, kamar yadda Zabarmawa ke cewa "tondi".

Kusa da garin akwai duwatsu biyar tsaye kamar yatsun hannu, ana kiransu Hannun Fatima. Mafi tsawo shi ne Kaga Tondo, wanda ya tashi kusan metir 600 daga ƙasa. Wanda ya kai bisa yana hangen dajin Gurma, inda giwaye ke kiwo.

Yaya ake hawa?

Jikin dutsin a miƙe yake kamar bango, saboda haka ba a hawansa da ƙarfi kaɗai. Mutum biyu ke hawa tare, ɗaure da igiya ɗaya mai tsawon metir 50 ko 60. Na gaba yana hawa, yana cusa ƙananan ƙarafa cikin tsagar dutsi, yana ratsa igiya ta cikinsu. Na baya yana tsaye, yana sakin igiya kaɗan-kaɗan. In na gaba ya zame, na baya ya riƙe igiya, ƙarfen ƙarshe ya tare shi. In igiya ta ƙare, na gaba ya kafe a wuri mai kyau, ya riƙe ma abokinsa har ya iso. Haka ake yi har ƙoli. Ran kowane yana hannun ɗan'uwansa.

Abin kiyayewa

Kowa ya duba ƙullin igiyar abokinsa kafin a tashi. A sa hular kwano saboda tsakuwar da ke faɗowa. A ɗauki ruwa isasshe. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa, don da bazara dutsin yana ƙona hannu. A kula ƙwarai da sauka, domin a lokacin jiki ya gaji, hankali ya kwanta.

Kafin shekarar 2012, mahaya daga Turai suna zuwa Hombori, samarin gari suna samun aikin jagora da dako. Rikicin da ya ɓarke a arewacin Mali a wannan shekara ya tsayar da zuwan baƙi.