Hoton Jirgin Glowworm da Abin da Ya Biyo Bayan Karon

A wannan fitowa ina so in tsakuro muku wani labari daga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda masu zanen hotunan jiragen ruwa a Ingila suka sha zanawa don karrama waɗanda suka mutu a cikinsa.

Galibin waɗannan hotuna suna nuna abu guda: teku ta yi baƙi, igiyar ruwa ta tashi, wani ɗan ƙaramin jirgin yaƙi yana ci da wuta, ya fito daga cikin hayaƙi ya doshi wani ƙaton jirgi. Ƙaramin shi ne Glowworm na Birtaniya, irin jiragen nan masu sauri da ake kira distiroya, nauyinsa kimanin tan 1,350. Ƙaton kuwa shi ne Admiral Hipper na Jamus, wanda ya ninka shi nauyi fiye da sau 10.

A farkon watan Afrilu na 1940 Glowworm yana cikin masu rakiyar babban jirgin nan Renown, a aikin dasa nakiyoyi a gaɓar ƙasar Norway. Sai wani ma'aikacinsa ya faɗa ruwa, jirgin ya tsaya nemansa, ayari ya wuce ya bar shi. Da safiyar 8 ga Afrilu ya yi kiciɓis da jiragen Jamus masu ɗauke da sojojin da za su mamaye Norway. Ya fara musayar wuta da ƙananansu, su kuma suka kira Hipper, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa Trondheim.

Hipper yana da manyan igogi 8 masu bakin inci 8, Glowworm kuwa 4 ne kacal masu inci 4.7. Kwamandansa, Gerard Roope, ɗan shekara 35, ya aika wa hedikwata labarin ganin abokan gaba, ya sa aka tayar da hayaƙi, ya harba makaman nan masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, amma duk suka kuskure. Daga bisani jirgin nasa, da ya riga ya sha luguden wuta, ya daki Hipper a gefe, ya yage masa sulken ƙarfe na kimanin mita 40, ruwa wajen tan 500 ya kwarara ciki. Jim kaɗan Glowworm ya kife ya nitse, mutum fiye da 100 suka halaka.

Masana tarihi sun yi saɓani a kan wannan karo. Wasu sun ce Roope da gangan ya yi, wasu kuma sun ce a lokacin babu mai riƙe da sitiyarin jirgin. Masu zane dai sun ɗauki magana ta farko, a nan kuma hotunansu suke tsayawa.

A ganina, abin da ya biyo bayan karon ya fi cancantar a zana. Kyaftin ɗin Hipper, Hellmuth Heye, ya tsayar da jirginsa wajen sa'a guda a tsakiyar yaƙi, ya sa aka zura igiyoyi ana tsamo mutanen da suka gama ƙoƙarin nitsar da shi. An ceto kimanin 40, wasu suka cika daga baya saboda raunuka. An ga Roope a cikin ruwa yana taimakon mutanensa. Shi ma ya kama igiya, amma ƙarfinsa ya ƙare, ya koma ruwa, ba a sake ganinsa ba. Hotunan kyamara da muke da su na wannan rana ma, Jamusawan da ke kan Hipper ne suka ɗauka.

Bayan haka Heye ya rubuta wa hukumomin Birtaniya ta hannun ƙungiyar agaji ta Red Cross, yana shaidar jarumtar Roope. Da waɗanda aka kama suka koma gida a 1945 suka ba da nasu bayani, aka ba Roope lambar Victoria Cross, wadda babu kamarta a sojan Birtaniya. Matarsa ce ta karɓa a 1946.

Mu da ke aikin gwamnati mun san nauyin shaidar da aka rubuta aka sa hannu. Yabon na gida ba wuya, amma mutum ya ɗauki alƙalami ya faɗi alherin abokin hamayyarsa, alhali ana tsakiyar faɗa, sai mai mutunci. Shaidar maƙiyi ta fi ƙarfi. Sau nawa muka ɓoye ƙwazon wani a ofis don kawai ba ma shiri da shi?

Don haka duk wanda ya ci karo da hoton Glowworm, ya tuna mutum biyu yake karramawa, ko da yake mai zanen bai nuna na biyun ba. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wassalam.