Asalin Kuɗin Azurfa Mai Mujiya

A ƙasar Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, aka fara buga kuɗin ƙarfe masu hatimi, a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Na farkon garwaye ne na zinariya da azurfa. Girkawa suka ɗauki dabarar, amma su azurfa zalla suka fi bugawa, kowane birni da tambarinsa. Tsibirin Ejina, wanda ke cikin na gaba-gaba, kunkuru ya sa a nasa.

Birnin Atina kuwa, wajen shekara ta 510 kafin haihuwar Annabi Isa, ya soma buga kuɗi mai darajar dirakma 4, nauyinsa kimanin giram 17. A fuska ɗaya akwai kan Atina, abar bautar birnin, sanye da kwalkwali. A ɗaya fuskar mujiya ce mai dara-daran idanu, da reshen zaitun, da haruffa uku na farkon sunan garin. Tsuntsuwar da Bahaushe ke gudun kukanta, a can alamar hikima ce.

Azurfar daga ramukan Lauriyon take, kudu da birnin, kuma bayi ne ke haƙo ta cikin duhu da azaba. A shekara ta 483 aka ci karo da jijiya mai yalwa. Temistokilis, ɗaya daga cikin jagororin birnin, ya shawo kan jama'a kada a raba dukiyar, a ƙera jiragen yaƙi da ita. Da waɗannan jirage aka karya rundunar Farisa a Salamis a 480.

Bugun da hannu ake yi. Maƙeri ya ɗora curin azurfa a kan hatimin da aka kafa a jikin uwar maƙera, ya aza wani hatimin a bisa, ya sauke guduma. Shi ya sa da wuya a sami biyu da suka zo daidai: wani hoton ya karkace, wani bakinsa ya tsage. Wannan rashin daidaito shi ne rabin kyansu.

Saboda ingancin azurfar, fatake sun kai kuɗin Atina har Masar da Sham. A 1969 an tono kuɗi wajen guda 900 na biranen Girka dabam-dabam a Asyut ta Masar, da yawansu da saran kurfi, domin a can, a wancan zamani, sai an duba cikin kuɗi kafin a karɓa. Ana ganin irin waɗannan masu tabo a gidan adana tsoffin kuɗi na Atina da gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, inda masana ke auna su, suna gwada hatimi da hatimi don gano lokacin da aka buga kowanne.